Goron Ƙasa a Fatakwal

An sa wa famfon unguwa kwaɗo. Hannatu ta gani ne da safe tana wucewa da bokiti, wani ɗan kwaɗo sabo fil, an ɗaure shi da sarƙa a wuyan famfon da kowa ke ɗiba tun tana yarinya. Ta tsaya ta duba hagu da dama, babu wanda za ta tambaya. Gidan Gimba mahauci da ke jikin famfon an riga an rushe shi, sai tarin yashi da bulo, da wani allo da aka kafa mai ɗauke da sunan kamfani. Ta juya da bokitinta ta nufi rijiyar bayan masallaci.

Yaƙin basasa bai ƙare ba a lokacin. Sojojin tarayya sun karɓi Fatakwal tun bara, amma in iska ta juyo akan jiyo manyan bindigogi can nesa, kamar ana daka a wata unguwa. Duk da haka garin ya cika. Masu haƙar mai sun dawo tun kafin masu gari su gama dawowa, Turawa da injiniyoyi da akawuna daga Ikko, kowa yana neman wurin kwana, kuma kamfani ne ke biya. Ɗakin da a da lebura ke kamawa yanzu sai mai albashi. Duk mai fili ya farka ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fi abin da ke kansa daraja. Hausawan da suka dawo suka tarar an shiga gidajensu ko an baje su, suka koma can wajen mayanka a Trans-Amadi suna kafa rumfunan kwano a cikin taɓo.

Gidan mahaifinta, Malam Falalu, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a layin. Shi fatoma ne, wato mai saukar da fataken shanu, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a ciniki. A nan aka haifi Hannatu. Da gari ya rikice a sittin da shida suka bar shi da kayan jikinsu. Mijinta ya tafi Aba a satin, har yau ba a ji labarinsa ba. Mahaifiyarta ta rasu a Kano, a ɗakin aro, inda yaran unguwa ke kwaikwayon Hausar Hannatu suna kiranta 'yar kurmi. Saboda haka da aka ce ana neman masu kai shanu Fatakwal ta jirgin ruwa, ba ta jira an tambaye ta ba, ta ɗaure kayanta.

Ita da mahaifinta sun samu gidan a tsaye, an ɓalle ƙofofi an kwashe rabin kwano. Wanda ya hana a ƙarasa shi kuwa Baba Wobo ne, mai ƙasar. Shi ya ba Malam Falalu filin tun suna samari, ba da takarda ba, da goro. Kowace shekara in an ci sabuwar doya Malam Falalu kan kai masa kwandon goro da cinyar sa, a zauna a fasa a ci, fili ya ci gaba da zama a hannunsa. Da suka dawo sun tarar da tsohon a kwance, ƙafafu sun kumbura. Ya riƙe hannun Malam Falalu ya daɗe bai saki ba, ya ce da shi ya je ya gyara gidansa. Damina ba ta yi nisa ba ya rasu.

Ranar da ta ga kwaɗon, Hannatu ta dawo daga rijiya ta tarar da wasu mutum biyu a bayan katangarsu, ɗaya ya riƙe bakin igiyar awo, ɗaya yana ja. Ba su gaishe ta ba, ita ma ta sunkuyar da kai ta wuce. Amma ta ji abin da suke faɗa da buroka, Turancin kasuwa, wadda ta iya kamar Hausa. Ɗayan ya ce in an cire zauren nan mota biyu za ta shiga.

Ta sami mahaifinta a zauren yana gyara igiyar ɗaure shanu, Gwaggo Tabawa na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Tabawa taubashiyarsa ce, tuwo take sayarwa a rumfa kusa da mayanka, nata ɗakin an karɓe tun kafin ta sauko daga jirgi.

Hannatu ta durƙusa ta ce, "Baba, akwai mutane a baya suna auna gidan nan."

"Su auna. Awo ba ya rage katanga."

Tabawa ta ajiye faranti. "Ka ji shi ko? Falalu, kai dai tun muna yara in an ce a gudu sai ka tsaya gyaran hula."

"Ke kuma da gudunki ina kika kai? Ga ki nan a bakin zaurena kina tsince min tsakuwa."

"Gara ni na san ba ni da komai. Haka Gimba ya zauna yana cewa mai ƙasarsa mutumin kirki ne. Jiya na gan shi yana wanka a bayan motar shanu, yana kare jikinsa da buhu."

Malam Falalu ya yi dariya kaɗan, ya ci gaba da murza igiya. "Gimba haya yake. Ni goro na bayar. Wobo da bakinsa ya ce in gyara gidana."

"Wobo yana ƙasa. Ɗansa ne a sama, kuma ɗan nan yana da ido."

Hannatu ta san ɗan. Chinda sunansa, tare suka yi wasan ƙasa, shi ya koya mata yarensu, ita ta koya masa cin fura. Yaƙin ya cinye masa 'yan'uwa maza biyu, ya bar masa matansu da 'ya'yansu. Ta gan shi kwanan baya a gaban wata farar mota yana magana da wani mai ɗamarar wuya, yana ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Baba, an ce ranar Asabar za su yi babban taron mutuwar. An ce a ranar ne duk wanda ke zaune a ƙasar mamaci yake tashi ya faɗa a gaban dangi."

"Za mu je. Ta'aziyya za mu je."

"In an kira masu zama a ƙasarsa fa?"

Ya ɗago ya dube ta, ba da faɗa ba. "Hannatu, mutumin nan ya tsare min gida da ransa lokacin da ambaton sunan Bahaushe ma laifi ne. Sai in je gidansa, matansa na kuka, in buɗe baki in ce ina filina? In makoki ya watse zan kai wa yaron goronsa kamar yadda na saba. Ba a maganar dukiya a zaman makoki."

Tabawa ta ce, "A namu makokin ke nan."



Ranar Asabar ya sa farar rigarsa, ya sa aka ja wani bijimi da ya zaɓa da kansa, Hannatu ta ɗauki kwandon goro a ka. An yi rumfuna da ganyen kwakwa a filin gidan Wobo, mata sun yi anko suna rawa a hankali, maza na zaune da kwalabe a gabansu. Soja sun hana harba bindigar gargajiya, don haka sai ganguna kawai. Da aka shigo da bijimin wuri ya ɗauki sowa. Aka ba Malam Falalu kujera a gaba, Hannatu ta tsaya a bayansa, domin ita ce bakinsa. Burokarsa ta cinikin shanu ce, ba ta isa zaman dattawa ba.

Bayan an ci an sha, ƙanen mamacin, wani dattijo siriri mai sanda, ya miƙe aka tsayar da kiɗa. Ya ce duk wanda ɗan'uwansa ya ba wurin zama ya fito, dangi su gan shi su san shi. Wani kafinta mutumin Kalaba ya fito, ya ajiye goro da kwalba a gaban Chinda, ya faɗi iyakar filinsa daga bishiyar mangwaro zuwa kwata. Dangi suka amsa gaba ɗaya. Chinda ya ɗauki goro ɗaya ya fasa ya ci. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta fito ta yi haka, aka amsa mata. Hannatu tana fassara wa mahaifinta a kunne, kalma bayan kalma, tana jan muryarta a wuraren da take so ya ji da kyau. Ya gyaɗa kai kawai.

Dattijon ya juyo gare su. Ya nuna kwandon da sandarsa, ya tambaya ko wannan goron na ƙasa ne.

Malam Falalu ya ce, "Ki ce masa na gaisuwa ne. Allah ya ba su haƙuri."

Ta faɗa. Dattijon ya yi godiya, sannan ya ce, na ƙasar fa?

"Ki ce ba yau ba."

Dattijon ya matso kusa, ya rage murya, ya yi magana da Hannatu kai tsaye da yarensu, a hankali kamar mai yi wa yaro kwatance. Ya ce, 'yata, ki fahimtar da babanki. Shi da ɗan'uwana su biyu suka yi maganarsu, ɗaya ya tafi. Abin da ba a faɗa yau a gaban mutanen nan ba, dangi ba su san da shi ba. Ba sai ya kawo komai ba, goro ɗaya daga kwandon nan ya isa, ya tashi ya faɗi iyakarsa.

Ta sunkuya ta faɗa masa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ƙara da nata, "Baba, don Allah. Tashi kawai za ka yi."

Ta ga wuyansa ya ƙage. Mutane suna kallonsu, matan mamacin na zaune a tabarma da aski a kansu, babbar cikinsu ta zuba masa ido.

Ya ce, "Ki ce masa na gode. Ki ce ban zo ciniki a kan kabarin abokina ba. In sun share hawaye zan zo."

Hannatu ta miƙe tsaye. Babu wanda ke jin Hausa sosai a wurin in ba su biyu ba. Kwandon yana gaban ƙafarta, a buɗe, ganyen ya ɗan zame. Ta san iyakar gidan kamar tafin hannunta, daga famfo zuwa bayan masallaci. Da za ta ɗauki goro ɗaya ta ce mahaifina ya ce ga iyakarsa, da dangi sun amsa, da Chinda ya fasa ya ci a gaban kowa. Amma tunda take ba ta taɓa sa wa mahaifinta magana a baki ba, kuma idanun maza sun yi mata yawa. Ta buɗe baki ta faɗi abin da ya ce, yadda ya faɗa.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga kafaɗa ya koma wurinsa. Wasu tsofaffi suka gyaɗa kai, da alama maganar ta burge su. Chinda bai ɗago ba, yana ta juya kofin da ke hannunsa. Aka ci gaba da kiɗa.

A hanya Malam Falalu yana tafe da sauƙin zuciya, har yana ba ta labarin yadda Wobo ya taɓa faɗawa kwata yana gudun saniya. Da suka isa Tabawa ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta ce, "Bai tashi ba ko?" Hannatu ta shige ɗaki.

Ya jira har matan mamacin suka cire baƙaƙen kaya. A cikin jiran aka rushe gidan da ke dama da su, aka fara zuba harsashin gini. Masallacin unguwa ya koma sahu ɗaya, sannan rabin sahu, ladan ma ya koma wajen mayanka. Mai shayi ya tashi, mai wanki ya tashi. A ƙarshen layi aka gama wani bene fari mai injin sanyi a kowace taga, da dare ko rana yana ɗiga ruwa a kan hanya, an sa masa waya mai ƙaya da kare. Fataken da suka zo da shanu suka kwana biyu a zauren Malam Falalu, suka ce wurin ya yi musu nisa da jama'a, suka koma rumfuna.

Ranar da ya kai goron ƙasa, Chinda ya karɓe su da mutunci. Ya ba su kujeru masu laushi, sababbi, ledarsu ma ba a cire ba. Ya sa aka kawo lemo. Ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi Kano. Kwandon na kan tebur a tsakaninsu, bai taɓa shi ba. Malam Falalu ya tura shi gaba kaɗan, Chinda ya ɗauko zancen tsadar gishiri. Da suka tashi tafiya, sun kai bakin titi sai ga matarsa da kwandon a hannu, ta miƙa wa Hannatu ta ce sun manta kayansu.

Malam Falalu ya tsaya yana kallon kwandon. Ya ce, "Ɗauko mu tafi."

Sun je wurin Sarkin Hausawa, wanda shi ma a shagon aro yake zaune. Ya saurara, ya yi salati, ya haɗa su da wani jami'i. Jami'in ya tambayi takarda, babu. Ya tambayi shaidu, aka ce dangin mai ƙasa. Ya aika aka tambayo su, suka ce an kira masu zama a ƙasar mamacin a bainar jama'a, Malam yana zaune a kujerar gaba, an tambaye shi har sau biyu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wannan ne ya fi ci wa Hannatu rai, ta rasa wanda za ta tsana.

Tabawa ta daina tsokanarsa. Takan zo da tuwo a kwano ta ajiye, ta zauna, ta tashi. Wata rana ta ce da Hannatu a tsakar gida, "Akwai wuri a bayan rumfata, in an kafa kwano biyu mutum zai miƙe ƙafa. Ki fara kai tukwane."

"Baba bai ce ba."

"Ba zai ce ba. Ki kai."

Ta riƙa kaiwa ɗaya ɗaya, a ɓoye cikin zane, kamar mai sata a gidansu.

Ma'aikatan kamfanin sun zo da hantsi wata Talata, da tsani da guduma, suka tsaya a waje suna shan taba. Chinda ya shigo shi kaɗai. Ya rame, rigarsa sabuwa ce amma ta yi masa yawa. Ya cire takalmi a bakin zaure kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya durƙusa ya gai da Malam Falalu da 'yar Hausarsa, "Sannu, Baba." Malam Falalu ya amsa, ya nuna masa tabarma.

Chinda ya juya ga Hannatu ya kira ta da sunan da yake kiranta da shi tun suna yara, wato Ana. Ya ce, Ana, ki gaya wa Baba ba ni kaɗai ba ne. Ya ce bakuna sun yi masa yawa, yaran 'yan'uwansa ba su shiga makaranta ba tun da aka fara yaƙi, rufin ɗakin uwarsa na zuba. Ya ce da Baba ya tashi a ranar nan, da shi kansa ba shi da ikon taɓa wurin, kuma da ya ji daɗin hakan, don da ya sami abin da zai gaya wa dangi. Ya ce kamfanin ya riga ya karɓi wurin, gidaje huɗu za su yi na manyan ma'aikata.

Ta fassara. Mahaifinta na jan carbi, idonsa a kan tabarma.

Chinda ya gyara zama, fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya zo wurin da ya fi so a maganar. Ya ce amma bai manta da Baba ba. Ya yi magana da Baturen kamfanin, ya gaya masa akwai wani dattijo mai amana wanda babu irinsa a garin nan. Za a gina ɗan ɗaki a bakin ƙofa, daidai inda zauren nan yake. Suna neman mai gadi, kuma sun fi son Bahaushe. Akwai albashi, akwai kaki, har da fitila. Ita ma Ana za a iya sama mata wanki a ciki.

Hannatu ba ta fassara wannan ba. A waje wani ya jingina tsani da bango, kwanon ya yi ƙara.

Malam Falalu ya ce, "Me ya ce?"

"Baba, ba wani abu ba ne."

"Hannatu."

Ta dubi ƙasa ta faɗa masa. Ɗakin, da kakin, da fitilar, da buɗe ƙofa in mota ta zo. Ba ta faɗi na wankin ba.

Ya kai carbin ƙarshe, ya sa shi a aljihu. Chinda ya ɗauka tunani yake, sai ya ci gaba da bayani da sauri, yana nuna inda tagar ɗakin za ta kalla, yana cewa aikin ba wuya, zama ne kawai, kuma Baturen ba ya dawowa a makare. Ya ce Ana ta gaya masa ba sai ya amsa yau ba.

Malam Falalu ya dafa bango ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya saƙale a hammata, ya ɗauki butarsa ya girgiza ya ji da ruwa. Ya sa takalmi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya sannan ɗayar, ma'aikatan suka matsa suka ba shi hanya. Hannatu ta leƙa ta ga bai nufi masallaci ba, bai kuma nufi hanyar mayanka ba. Ya bi gefen sabuwar katangar maƙwabta a hankali, yana kauce wa tarin yashi, har ya sha kwana.